Bahon da Ke Zagaya Ɗakuna

A gidan hayar da Idris ya kama ɗaki, can cikin lungunan unguwar Briqueterie ta Yawunde, babban birnin ƙasar, akwai wani shuɗin bahon roba na wankan jarirai, da wata jakar buhu mai zif cike da 'yan riguna, da huluna, da safa, da tawul, da bargo mai laushi. Asalinsu na Madina ne, matar da ta fi kowa daɗewa a gidan. Ta saye su lokacin haihuwar ɗanta Khalifa, wanda yanzu har ya shiga sakandare. Tun daga nan kayan ba su zauna ba. Duk matar da cikinta ya tsufa a gidan, sai a kai mata bahon da jakar. Idan yaro ya girme su, uwar ta wanke, ta goge, ta ƙara sabon abu ɗaya daidai ƙarfinta, ta mayar wa Madina.

Safinatu, matar Idris, ba ta san da wannan ba. Daga Gusau aka kawo ta, shekara ba ta cika ba, kuma ba mai yawan fitowa tsakar gida ba ce. Mijinta yana aikin kwalliyar wuyan riga a wani shagon teloli a bakin babban titi. Yanzu ga ciki, na fari, ya yi nisa.

Da a gida ne, da tuni an mayar da ita wurin Innarta goyon ciki. Amma ungozomar da ke yi mata awo ta ce kada ta kuskura ta hau doguwar hanya. Sai suka yanke shawara Inna ce za ta zo: ta biyo ta Yola, ta shiga Garwa, ta hau jirgin ƙasa daga Gaundere. Idris ya fara ajiye kuɗin hanyar kaɗan-kaɗan. Ya daina sayen tsiren da yakan shigo da shi ranar Juma'a, Safinatu kuma ta rage man da take zubawa a miya, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa komai.

Wata rana Idris ya leƙa kasuwar Mokolo don ya ji kuɗin kayan da ungozoma ta ce a tanada. Ya dawo bai sayi komai ba. Bayan ya ci abinci ya gaya mata gaskiya, cewa abin da ya tara ba zai ɗauki biyu ba, ko dai kayan, ko dai hanyar Inna. 'Yan riguna zai iya ɗinkawa da ƙyallayen shago, amma baho da bargo da rigunan sanyi sai an saya, ga garin nan ruwa ba ya ɗaukewa, ɗaki kullum da danshi.

Safinatu ta sunkuyar da kai, ta ce Allah zai kawo mafita. Ba ta ƙara ba, don maganar ma nauyi take yi mata. An rene ta a gidan da mace ba ta ambaton cikin fari, ba a ganinta tana shirinsa, in ta haifa ma ba ta kiran sunan yaron. Innarta har yau ba ta taɓa faɗin sunan babban yayansu ba, sai dai ta ce "mutumin nan". Shi ya sa ko wanki za ta yi, da zumbulelen hijabi take fitowa, kamar dai matan gidan ba su da idanu.

Su kuwa sun daɗe da gani. Wata safiya da ruwa ya tsagaita, mata suna ta shanya a tsakar gida, Madina ta fito da bahon a kai, jakar a hannu, ta dire su a ƙofar Safinatu. Ita Madina haifaffiyar unguwar ce, ta yi makarantar Faransanci, magana a bakinta ba ta da marfi.

"Amarya, fito ki karɓi gadonki," in ji ta. "Ga kayan ɗanki sun iso, tun kafin ya zo ya same mu muna hamma."

Ta zuge zif, ta zaro wata 'yar safa ta ɗaga sama, tana cewa ƙafa nawa ce ta shiga wannan safar, ciki har da ta Fa'izu ɗan maƙwabciyarsu Rakiya, wanda yanzu takalmin ubansa yake sata. Mata suka yi dariya. Duk suka juyo suna kallon Safinatu, wadda ta ɗaga labule ta tsaya.

Kunya ta rufe ta. Ta ga idanu a kan cikinta, ta ji an ce "ɗanki" a gaban jama'a. Abin da ya fara zuwa bakinta shi ta faɗa.

"Ni ba ni da abin yi da su."

Ta saki labulen ta koma ciki.

Madina ta ɗan tsaya da safar a hannu, sannan ta mayar da ita cikin jaka.

"To, a yi haƙuri," ta ce, yadda na ciki za su ji. "Ashe 'yan Najeriya ba sa sa wa 'ya'yansu kwance. Mu ne ba mu sani ba."

Ta kwashe kayanta. Daga ranar gaisuwarsu ta koma gajera, ina kwana, lafiya lau, shi ke nan. Safinatu ta so ta je ta yi bayani, amma bayanin ba zai yiwu ba sai ta ambaci abin da ba a ambata. Ko Idris ba ta gaya wa ba. Ana haka ta jiyo Rakiya tana faɗa wa wata a bakin famfo cewa Madina za ta aika da bahon da jakar unguwar Messa, wurin wata 'yar ƙanwar mijinta mai suna Zaitun, tunda a gidan nan babu mai so.

A makon nan ne Idris ya ce lokaci ya matso, ba zai bari a haihu ba ko tawul. Zai kira Inna ya ba ta haƙuri, ta bari sai bayan suna, in Allah ya hore. Ya zauna bakin gado da hantsi kafin ya fita shago, ya kira, ya buɗe muryar wayar don su ji tare.

Inna ba ta ba shi damar farawa ba. Bayan gaisuwa ta shiga ba su labarin shirinta. Ta daka yaji, ta sa kimba da citta sun ji. Ta samo kanwa mai kyau, ta ƙulla daddawa da kuka. Maƙwabciyarta ta ara mata rigar sanyi, don an ce garin nasu kamar cikin randa yake. Ta tambaya ko jirgin ƙasan nan yana tsayawa a yi salla. Duk tsawon maganar ba ta ce ga abin da za ta zo yi ba, sai dai "in na zo" da "kafin lokacin". Idris ya yi ta cewa to, Inna, madalla, Inna, har suka yi sallama bai faɗi abin da ya kira don shi ba.

Ya ajiye wayar ya dafe goshi. Ya ce da yamma zai sake kira, in ya samu bakin magana.

"Malam, kada ka kira tukuna," in ji Safinatu. "Ka ba ni zuwa azahar."

Ya dube ta, bai gane ba, amma ya ce to.

Da ya fita ta koma ta zauna. Ta tuna yadda Inna ta yi wa yayarta wankan jego, yadda take tashi ta hura wuta, ta tafasa ruwa da ganye, ta dama kunun kanwa, ta zauna kusa har sai an shanye. Ta dubi ɗakin, ta rasa wanda zai yi mata wannan a nan. Sai ta sa hijabi ta fita.

Ta tarar da Madina a ƙofar ɗakinta, ta shimfiɗa bargo a kan tabarma tana guga da dutsen guga mai gawayi. Kayan jariran ne, an wanke su za a aika. Safinatu ta yi sallama, ta gaishe ta, ta tambayi Khalifa, ta tambayi maigida, ta tambayi aiki, ta koma ta sake tambayar Khalifa.

"Duk lafiya, Madam," in ji Madina, ba ta ɗago ba. "Khalifa dai bai canza ba tun tambayar farko."

Safinatu ta durƙusa da ƙyar ta zauna a gefen tabarmar. Ta ɗauki wata 'yar riga da aka goge, ta fara ninkewa. Ta ɗauki ta biyu ta ninke. Madina ta bar ta, ta ci gaba da hura gawayinta.

"Maman Khalifa, ina son kayan nan."

"Ki kai su ina? Ke da ba ki da abin yi da su."

Safinatu ta dakata da ninkin. Ta dubi rigar da ke hannunta, wuyanta bai fi a zura yatsu uku ba.

"Ɗana zan sa wa," ta ce a hankali. "Wanda ke cikina."

Tunda ta samu cikin, yau ce ranar farko da ta faɗa da bakinta. Hawaye suka zubo mata, ta sa gefen hijabi ta rufe fuska. Daga bayan hijabin ta yi sauran bayanin a gutsure: cewa na fari ne, a wurinsu ba a faɗa, ba a karɓar kayansa a gaban mutane. Ba raini ba ne, ita da ta tashi cikin kwancen yayyenta. Ta faɗi maganar kuɗin hanya, da yajin da Inna ta daka, da wayar da Idris zai yi da yamma.

Madina ta ajiye dutsen guga a kan murfinsa.

"Yanzu duk wannan kumburin da na yi kwana da kwanaki, a kan kunya na yi shi?" Ta yi 'yar dariya, ta girgiza kai. "Kakata ta wajen uba haka take. Har ta rasu ba ta kira sunan babana ba, muna yara muna cewa ba ta son sa. Ni na ɗauka abin ya tafi da su." Ta jawo hijabin daga fuskar Safinatu. "Share hawayenki, ƙanwata. Ni ma da na kwaso baho a kai kamar mai tallan kifi."

Sai dai ta riga ta yi wa Zaitun alkawari, kuma ba ta son ta zama mai magana biyu. Ta ɗauki waya ta kira Messa. Safinatu ba ta jin Faransanci, sai dai ta ga Madina tana ɗaga hannu, tana dariya, tana ɓata rai, tana sake dariya. Da ta gama ta ce an daidaita. Zaitun da sauran lokaci a gabanta, don haka baho da bargo za su tsaya nan har a yi arba'in. Rigunan kuwa za a raba, don ita ma ta sa rai.

Suka zauna suka raba tare. Madina tana guga tana koya mata, cewa a garin nan duk abin da aka shanya a waje sai an goge shi ciki da bai kafin ya taɓa jikin jariri, saboda wani ƙuda da ke yin ƙwai a jikin rigar da ba ta bushe ba. Ta ce kada ta sayi ƙananan kaya da yawa, yaro mako kaɗan yake yi ya fi ƙarfinsu. Tsofaffin zannuwanta na atamfa da suka yi laushi, ta yanka su, sun fi sabon tawul daɗi a jiki. Abin da ya rage, rigar sanyi ɗaya ko biyu, za su shiga gwanjon Mokolo ranar da ake kwance sabuwar dila, ita za ta yi ciniki, Safinatu ta tsaya nesa ta yi kamar ba ta san ta ba.

Da za a kai kayan, Madina ta naɗe bahon cikin tsohon zane, ta leƙa tsakar gida hagu da dama kamar mai fasa-ƙwauri, ta wuce da shi sumumu ta tura ƙarƙashin gadon Safinatu. Rakiya da ke tsinke alayyafo ta tambaya mene ne wannan.

"Kayan wani baƙo ne da ba a faɗin sunansa," in ji Madina. "Ki ci gaba da alayyafonki."

Da azahar Idris ya dawo, Safinatu ta ɗaga gefen zanen gado ta nuna masa. Ya durƙusa ya duba, ya taɓa bargon, ya zaro wata hula ya sa a dunƙulen hannunsa yana juyawa. Ya tambaya daga ina, ta ce daga ɗakin Maman Khalifa. Ya tashi ya je ya yi godiya, Madina ta ce ya bar godiya, ya dai tanadi rigar da zai ɗinka a ƙara a jaka, kuma a yi mata aiki a wuya. Washegari ya aika wa Inna kuɗin hanya.

Jirgin ya iso da safe, cikin yayyafi. Idris ya je tasha ya taho da ita a tasi. Inna ta shigo gidan sanye da rigar sanyin aro, ƙullin kayanta a kai, tana cewa wannan gari duk tudu ne, ko ina mutum ya sa ƙafa sai hawa. Matan gidan suka fito yi mata sannu da zuwa, Madina a gaba, ta karɓi ƙullin ta kai ɗaki.

Bayan an watse, Inna ta zauna bakin gado ta dubi 'yarta sau ɗaya, daga fuska zuwa ƙasa, ta kawar da kai. Ta ce ta rame a wuya. Safinatu ta ce abincin garin ne. Inna ta ce ta zauna, tsayuwar ta isa. Ta jawo ƙafar Safinatu da ta kumbura ta ɗora a cinyarta, ta fara matsa mata a hankali, tana tambayar Idris ta bayan labule inda ake sayar da itace a unguwar nan.