An Riga An Yi Masa Shiru

"Wane Katanga kuma?" in ji Sakataren kulob, bai ko ɗago kai daga wayarsa ba.

"Katanga nawa kuka yi a gidan nan?" Tela ya ce. "Golanku. Maƙwabcina. Ya cika ɗazu da hantsi. Matarsa ce ta aiko ni, a faɗa a lasifika kafin a take wasa, a yi masa shirun nan da kuke yi, ko a samu masu raka shi."

Sai yanzu Sakatare ya dube shi. "Baba, ai Katanga ya rasu tun bara waccan. Ni da kaina na kai wa mai sanarwa labarin."

Tela bai manta da wannan rana ba, a kunnensa aka yi. Gidan da Katanga ke haya yana bayan filin wasa, jifa ɗaya tsakani. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ranar wasa Tela kan rufe shago ya taya a fito da shi tsakar gida, su bi ƙwallo da kunne. Daga irin ihun jama'a kawai Katanga kan ce, "Wannan kwana ce," ko "Kai, yaron nan ya ɓarar." Ran nan suna zaune sai lasifika ta ce kowa ya miƙe, a yi shiru na minti ɗaya don tunawa da marigayi Katanga, golan da ya tsare wa garin nan raga har aka ɗauko kofi. Wani ne ya ji a tasha, ya faɗa wa wani, shi ke nan aka kashe mutum. Filin ya yi tsit, har suna jin kukan kurciya a kan rufi.

Tela ya zabura. "Wallahi yanzu zan je in ci mutuncinsu!"

Katanga ya kamo masa riga da hannun mai lafiya. "Zauna, maƙwabci, ƙyale su. Ai za su zo ta'aziyya. Sai su tarar da gawa tana shan shayi."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya sa matarsa ta share tsakar gida, ta aro kujeru, ta fito masa da tsohuwar rigarsa mai lamba ɗaya. Ya zauna yana fuskantar ƙofa, yana shirya tsiyar da zai yi wa kowannensu. Aka kwana, aka wuni, mako ya zagayo. Ko mai tara ƙwallo bai leƙo ba. Masu kujeru suka aiko a ba su kayansu. Daga nan Katanga bai ƙara cewa a fito da shi ranar wasa ba. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta, kuma wannan ya fi ciwon cin sa.

"Yana raye lokacin," Tela ya ce wa Sakatare. "Da ɗayanku ya taka ya zagaya bayan bangon nan, da ya gan shi."

Sakatare ya sosa ƙeya. "To Baba, ka ga inda matsalar take. In muka sake faɗa yau, me za mu ce wa jama'a? Mutum yana mutuwa sau biyu ne? Ga Shugaban kulob ya zo, ga 'yan jarida, ga shi in aka ci mu yau mun faɗo daga rukuni. Mu dai mun sauke haƙƙinsa. Wasu ko sau ɗaya ba su samu ba." Ya jawo aljihun tebur, ya miƙo tikiti. "Riƙe wannan, ka tsaya ka ga wasa."

Tela ya bar masa abinsa a hannu, ya fita.

Ya tarar da matar Katanga tsaye a bakin ƙofar gida, ta karkata kai wajen filin. Lasifika na jero sunayen 'yan wasa, ana tafi.

"Malam Tela, sun ce za su faɗa?"

Ya so ya yi mata ƙarya, amma ƙaryar ba za ta kai busa usur ba.

"Sun ce sun riga sun yi, Uwargida."

Ta gyara mayafinta. "To. Ku ɗauke shi, kada rana ta yi muku."

Mazan unguwa duk suna cikin fili, tun jiya suka yanki tikiti. Waɗanda suka rage su ne Tela, da ƙanin matar, da mai faci, da mai shagon kwana, sai wani tsoho da ya biyo su da sanda. Katanga dogo ne, ciwo bai rage masa ƙashi ba. Hanyar maƙabarta kuwa ta gindin bangon filin ta bi, ganguna na tashi a bisa kansu.

Wani saurayi da ya makara ya taho a guje, sanye da rigar kulob, da ƙaho a hannu. Ganin makara ya ja baya, ya cire hula.

"Baba, wa aka rasa?"

Sunan ya zo wa Tela har bakin harshe. Ya dubi rigar, ya haɗiye shi.

"Maƙwabcina ne."

"Allah ya jiƙansa," in ji saurayin, ya ruga wajen ƙofa.

Ba mai karɓar su, don haka suka tsaya, kowa ya sauya kafaɗa. Suka ci gaba a hankali cikin inuwar bangon, tsohon na biye da su a baya.