Mataccen Jinin Isiyaku

A duk Unguwar Kanawa babu wanda ya kai Isiyaku tela son ƙaho. Da zarar kansa ya ɗan sara sai ya aika a kira Audi wanzami, ya duƙa a ƙofar shago a tsattsaga masa ƙeya, a zuƙe abin da yake kira mataccen jini. In aka juye ƙahon ya ga jinin baƙi, har wani murmushi yake yi. Maƙwabcinsa Bitrus makanike kuwa ya sha tsiya a wurinsa, wai jikinsa duk tsohon jini ne tunda aska ba ta taɓa hawa bayansa ba.

Ranar da matarsa Harira ta haihu, jini ya ɓalle mata. Likita ya ce a nemo jini leda ɗaya yanzu, irin nata ya ƙare a asibitin. Isiyaku ya san jininsu iri ɗaya ne, don haka ya faɗa ɗakin gwaji yana naɗe hannun riga, yana gaya wa ma'aikaciyar, wata Blessing, cewa nasa tatacce ne, shekaranjiya ma aka yi masa ƙaho.

Ta soki yatsarsa ta auna, sannan ta dubi sabuwar tsagar da ke wuyansa.

"Baba, ba zan ɗiba ba. Kai ma naka bai ishe ka ba."

Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya rantse mata mataccen kawai yake fitarwa. Tana haɗa kayanta take masa bayani cewa jiki ba ya jiran wanzami. Ƙwayar jini in ta tsufa saifa ce ke kama ta ta farfasa, a kwashe sinadarin ƙarfen da ke cikinta a mayar wa ɓargo, ɓargo ya ƙera sabuwa da shi. Wanda ake zubarwa a ƙasa kuwa ya tafi da ƙarfensa, sai ɓargo ya yi makonni yana fama.

Makonni, alhali Harira ko la'asar ba ta da tabbacin kaiwa. Tsoro ya kama shi sosai. Ya fita baranda yana ta kai da komo, yana kiran waya. Ƙaninsa na Zariya. Wani ya ce yana azumi, wani wayarsa a kashe. Ya leƙa ɗakin haihuwa aka kore shi, ya dawo ya sake leƙawa.

Bitrus, wanda ya kawo su a motarsa, yana zaune a benci da baƙin mai a farce. Isiyaku ya wuce shi ya fi a ƙirga, kunya ta hana shi buɗe baki. Bitrus ne ya gaji ya tashi.

"Malam Isiyaku, bari su gwada tsohon nawa."

Aka gwada, ya dace. Isiyaku ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ledar tana cika a hankali. Jinin ya fito baƙi-baƙi, kalarsa ɗaya da wanda Audi ke juyewa a rami ya tura ƙasa a kai. Blessing ta ɗauke ledar da hannu biyu, ta nufi ɗakin Harira da sauri.