Malam Illiassou Ya Zo Ganin Sensei

Tun safe Muhsina take safa da marwa a tashar jirgin ƙasa ta Lyon, murna da tsoro sun hana ta zama. An ba ta gurbin karatun injiniya na shekara guda a Japan, takardu duk sun kammala, saura amincewar mahaifinta. Shi kuwa Malam Illiassou, mai koyar da yara Alƙur'ani a Sevran kusa da Paris, cewa ya yi ba ya sakin ɗiyarsa ƙasar da bai san tarbiyyar mutanenta ba. Sai ya ga malamarta ta Japananci ido da ido.

Ga shi ya sauko daga jirgin Paris, babbar riga ta sha guga. A cikin taram, jirgin cikin gari mai zuwa unguwar Villeurbanne, ta hau yi masa bita: "Abba, sunanta Madam Hoshino, amma Hoshino-sensei za ka ce. Sensei shi ne Malam a wajensu."

"Ashe ni ma sensei ne," in ji shi, yana gyara zaman hula.

Ta ina Muhsina za ta fara yi masa bayani? A al'adar Japanawa ba ka ɗaga naka a gaban baƙo. Ko ubanka shehi ne, sunan aikinsa kawai za ka faɗa, kyoshi, wato mai koyarwa.

Suna shiga ofishin malamar ta gabatar da shi da Japananci, yadda aka koya mata. Amma Malam kunne gare shi kamar zomo! Sau biyu ya ji an ce wa matar sensei, shi ko sau ɗaya.

"Ke Muhsina! Ita sensei, ni kuma fa? Tun ba ki tafi ba kin tuɓe mini rawani?"

Shi ke nan, tafiya ta lalace tun a bakin ƙofa! Madam Hoshino ta tambaya da Faransanci me ya faru, Muhsina ta bayyana mata.

Sai matar ta miƙe, ta sunkuyar da kai.

"Ba ita za ta kira ka haka ba, ni ce zan kira ka. Illiassou-sensei, shekara nawa kana koyarwa?"

"Ashirin da biyar."

"To ka girme ni a aikin da shekara tara." Ta jawo masa kujerarta ta kanta, ta ƙi zama sai da ya zauna.

Malam ya dubi ɗiyarsa, ya dubi matar, ya tafa hannu.

"Allahu Akbar, ashe kunya ce! Irin ta uwayenmu ce, da ba su yabon ɗansu gaban mutane. Waɗannan ai sun san girma." Ya juyo. "Ke, yaushe ne jirgin naku?"

Muhsina ta kurma ihu, ta manta sam a ofishin malama take, hawaye na zuba tana ta cewa, "Watan tara, Abba! Watan tara!"