Sarƙar Tankar Barau

"Ka gaya musu ban sha ba," in ji Barau.

Ɗalha ya sunkuya don ya ji sosai. Shekara ashirin da biyu suna katanga ɗaya a Maigatari, amma yau ba don muryar ba da bai gane shi ba. An naɗe shi da bandeji har wuya a gadon asibiti a Gumel.

"Ba ka sha me ba?"

"Taba. Tun azumin bara na bari. Tiyo kawai na kai bakin duro, sai na ji ƙas."

Iyakar maganarsa ke nan. Kafin la'asar ya cika. Aka dawo da shi gida a bayan a-kori-kura, aka yi masa sutura. Ɗalha ya kama makara, ya zuba ƙasa, bai ji komai ba sai zafin rairayi a tafin ƙafarsa.

Washegari wajen zaman makoki maganar taba ake. Katangar gidan gajera ce, Yelwa matar mamacin tana ciki, kuma duk abin da aka faɗa a ƙofa yana isa kunnenta.

"Mutum na juye fetur daga tanka wuta ta tashi, a ce ba taba?" in ji Ɗantala mai shayi. "Barau fa ko masallaci zai shiga da ashana a aljihu. Kansa ya ja wa."

Malam Abdulmuhaimin, mai koyar da kimiyya a sakandare, ya gyara zama.

"Ba sai da ashana ba. Kun taɓa goga biro a gashi, ya ɗauki guntun takarda?"

"Wasan yara, Malam."

"To shi ne. Kowane abu akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a jikinsa, ilektoron sunansu. In abu biyu suka gogi juna, sai su bar wannan su koma wancan. Fetur na kai-komo yana gogar tanki da tiyo, cajin yana ta taruwa a jikin ƙarfe, tayar roba kuma ba ta barinsa ya sauka ƙasa. Da ya samu wani ƙarfen kusa sai ya yi tsalle. Tsallen nan shi ne tartsatsi."

"To me ya hana duk tankokin duniya ƙonewa?"

"Ba ka ganin sarƙar da ke jan ƙasa a ƙarƙashinsu? Aikinta ke nan, ta zubar da shi."

"Au, ni duk zatona ta maganin baki ce," in ji Ɗantala. Wasu suka ɗan murmusa.

Ɗalha bai motsa ba. Ranar Alhamis da ta wuce, ranar kasuwa, bijiminsa na huɗa ya tsinke igiya sau biyu. Tankar Barau tana ajiye a ƙofar gida. Ya shiga ƙarƙashinta da sufana, ya kwance sarƙar, ya ɗaure bijimin. Bai tambaya ba, don tsakaninsa da Barau ba a tambaya. Tsani, baro, gatari, wanda ya buƙata ɗauka yake. Ranar Asabar wutar ta tashi.

Ya duba cikinsa ko zai ji tsoro ko kuka. Babu. Kamar an kwashe kayan ɗaki an bar tabarma.

In ya yi shiru, taba ce ta kashe Barau har abada, kuma 'ya'yansa da wannan za su tashi.

Ya yi gyaran murya, ya ɗaga ta yadda za ta tsallake katanga.

"Bai sha taba ba. Shi ya ce in gaya muku. Sarƙar kuma tana gidana, a wuyan bijimi. Ni na kwance ta."

Ba wanda ya dube shi. Ɗantala ya shiga ƙirga yatsun ƙafarsa da ido.

"Kwana ne ya ƙare, Malam Ɗalha," in ji liman a hankali.

"Na sani. Amma ba taba ba ce."

A cikin gida wata tana dakan geron sadaka. Taɓaryar ta tsaya. Wasu baƙi daga Gagarawa suka iso, suka tuɓe takalma, suka nufi Ɗalha tunda shi ke zaune kusa da ƙofa.

"Ya haƙuri?"

Ya miƙa musu hannu ɗaya bayan ɗaya. Sai da na ƙarshe ya zauna, sannan dakan ya ci gaba.