Jar Laka a Takalmin Tabitha

Rana ɗaya tak a shekara ake ba mu, mu 'yan aikin gida, mu je ganin iyayenmu: Lahadi ta huɗu cikin azumin Kirista na kafin Ista, Lahadin Uwa. Tun Juma'a na gasa wa Mama kek ɗinta. Mai girkin gidan da nake aiki, tsohuwa Dorcas Probert, 'yar ƙauyenmu ce, kuma bakinta ba ya riƙe komai.

"Ku yaran yanzu kun ɗauka ranar cin kek ce," in ji ta. "Asali, uwar da ake nufi ita ce cocin da aka yi wa mutum baftisma. Can ake fara zuwa, sannan a wuce wurin mahaifiya. Ke Tabitha, taki ai tana Penwick."

"Aldercote dai, Iya Dorcas. Duk gidanmu can aka yi mana."

Sai ta yi shiru. Ban taɓa ganin matar nan ta yi shiru ba, shi ya sa na san akwai magana a ƙasa.

"Tsufa ne," ta ce, ta hau goge tukunyar da ta riga ta goge.

Ranar Lahadi na daɗe tsaye a mararraba, kek a ƙunshe cikin tsumma. Hanyar Aldercote farar ƙasa ce, ta Penwick kuwa jar laka. Tsoro nake ji ƙwarai, amma ta Penwick na bi.

Da aka tashi daga sujada, na roƙi dattijon da ke kula da cocin ya buɗe mini littafin baftisma. Na iya karatu, don Yaya Keziah ta koya mini, da ranƙwashi. Ta girme ni da shekara goma sha bakwai, ba ta taɓa aure ba, kuma ban tuna ranar da ta yi mini murmushi ba. Na bi layin shekarar haihuwata da yatsa har na zo kan sunana: Tabitha, 'yar Keziah Gwilliam, marar miji.

Ban san yadda na fito ba. Na kama hanyar gida. Abu ɗaya nake ta gaya wa kaina: in na ja bakina, Mama tana nan a matsayin uwata, ba abin da zai canza. Na wanke fuskata a rafi, na gwada murmushi har sau uku.

Tun rasuwar Baba su biyu ne a gidan. Na tarar da Mama zaune a teburi, Yaya Keziah tana juya miya.

"'Yar autata!" in ji Mama. "Ban gan ki a coci ba."

"Uwargida ce ta tsayar da ni, Mama."

Na ajiye kek a gabanta da sauri.

"Ke, ƙazama, cire takalman nan!" in ji Yaya Keziah. "Ɗazun nan na wanke..."

Ba ta ƙarasa ba. Na bi idonta zuwa ƙasa. Tun daga bakin ƙofa har inda nake tsaye, sawuna ne, jajawur da lakar Penwick. Fuska na wanke, na manta da takalmi. Ita ma Mama ta gani, ta daɗe tana kallo. Ni dai jira nake a kore ni, ko a mare ni, ko a ce ƙarya ce, kuma ƙaryar na fi so.

Mama ta sa hannu biyu ta tura kek ɗin can ƙarshen teburi, wajen Yaya Keziah.

"Karɓi abinki," ta ce. "Shekara uku ke nan tana kawowa ina cinye miki."

Ludayin ya suɓuce wa Yaya Keziah cikin tukunya, ba ta ma nemi ɗauko shi ba. Tsoro ne a fuskarta, irin nawa sak.

"Mama," na ce.

Su biyun suka ɗago kai.