Abin da Ke Kai Mama Odessa Bakin Teku

Mijina Delmar mutum ne da ba ya iya hutawa sai da jadawali. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsara wa motocin ɗaukar 'yan makaranta lokaci a garinmu Kinston. Ya yi ritaya, aikin ya sake shi, shi kuwa ya ƙi sakin aikin. Don haka da muka kama hayar gida na mako guda a tsibirin Topsail, ni da shi da mahaifiyarsa Mama Odessa, ko jakunkuna ba mu gama shigarwa ba ya manna takarda a jikin firji.

Ya ce, "Corinne, zo ki karanta, kada gobe ki ce ba a gaya miki ba."

Na karanta. Tashi daga barci ƙarfe biyar da kwata. Fitowar rana shida saura minti biyu, a kan gadar katakon nan da ta miƙe cikin teku. Faɗuwar rana takwas da minti ashirin da huɗu, a bayan tsibiri, wajen kwantaccen ruwa. Kullum, har kwana bakwai.

Na ce, "Delmar, hutu muka zo ko horon soja?"

"Mutane tun daga jihar Ohio mai nisa suke tuƙo mota su zo ganin wannan abin."

"To su gani mana. Ni na taɓa ganin rana."

Mama Odessa tana kan kujera tana murza gwiwarta. Shekarunta tamanin da ɗaya, goma sha biyu daga ciki ta yi su ba miji, kuma duk Kinston an san gwiwar nan, don ita ke hana ta zuwa duk inda ba ta son zuwa. Ta ce, "Ni dai ku cire sunana. Ranar da na haife ka ma ban tashi ƙarfe biyar ba."

Amma Delmar ya iya naci. Washegari da asuba ya tasa mu gaba, ni ina hamma, Mama tana tsine wa kowace matakala ta gadar. Ya kafa kyamararsa a can ƙarshe, ya ba duniya baya. Ni na jingina da katako na rufe ido. Mama kuwa ta ce ba za ta iya ƙarasawa ba, ta tsaya a tsakiyar gada wajen masu fatsa.

Rana ta fito. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta yi kyau, ta taso ja wur daga cikin ruwa kamar an tsamo ta. Amma minti uku ne, sauran kuma hamma ce da iska mai ƙarnin kifi. Da yamma aka kai mu bayan tsibiri, sauro suka yi walima da ƙafafuna.

Kwana na biyu, ƙararrawar Delmar ba ta kai ga bugawa ba na ji motsi a kicin. Na leƙa. Mama Odessa ce tsaye, ta sa rigarta mai furanni, tana nannaɗe burodin masara a takarda.

Ta ce, "Koma ki kwanta, 'yata. Na ga jiya kin wahala. Ni zan raka shi."

"Gwiwar fa, Mama?"

"Iskar teku magani ce."

Na koma gado ina sa mata albarka. Sai da na ja bargo hancina ya ba ni labarin da idona bai ba ni ba. Turare. Turaren da take ajiyewa don bikin Ista da bukukuwan aure.

Ran Talata da hantsi Delmar ya zaunar da ni kallon hotuna. Ɗari da wani abu, duk rana ce, kowanne kamar ɗan'uwansa. Ina ta "Kai, madalla" ina tura su da yatsa, sai na zo kan wani ɗan bidiyo da ya ɗauka yana juyawa a hankali don ya nuna faɗin teku. Kyamarar ta bi ruwa, ta bi tsuntsaye, ta ratsa ta kan gada. Nan na ga Mama zaune a kan kifaffen bokiti, tana shan kofi a murfin filas ɗin wani dogon tsoho mai farin gemu. Shi yana cin burodin masararmu. Ta kai hannu ta kaɗe masa ɓurɓushi daga gemu.

Delmar ya ce, "Kin ga yadda hasken ya kwanta a kan ruwa?"

Na ce, "Na gani. Na ga abubuwa da yawa."

Na same ta a baranda tana ɓare jatan lande. Na ja kujera na zauna kusa da ita.

"Mama, yaya sunan iskar tekun?"

Hannunta bai ko tsaya ba. "Wace iska?"

"Mai farin gemu. Mai filas."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe. Sannan ta ce, "Thurman Gaskill. Matarsa ta rasu shekara shida. Haƙoransa duka nasa ne, na tambaya."

Dariya ta kusa kayar da ni daga kujera.

Ta nuna ni da jatan lande. "Ki yi dariyarki. Amma ki buɗe baki wa Delmar, gwiwata ta tashi. Gwiwata ta tashi kuwa, kin san wa zai koma raka shi ƙarfe biyar."

"Mama, barazana kike yi mini?"

"Shawara ce irin ta uwa da 'ya."

Haka muka ƙulla. Ni ina barci har tara, ita tana shan iskar teku, Delmar yana yawo yana faɗa wa maƙwabta cewa mahaifiyarsa ta fi matarsa sanin darajar halittar Ubangiji. Ran Laraba har ya saya mata hular rana saboda jin daɗi.

Ran Alhamis ta ja ni ɗakinta ta tura ƙofa.

"Yau da yamma Thurman zai ɗauke ni a jirginsa na ruwa. Ina so ki kwashe mini yaron nan ki kai shi nesa."

Yaron nan shekararsa hamsin da tara.

"In ce masa me?"

"Shekara talatin kina aure da shi, ni zan koya miki yadda ake yi masa ƙarya?"

Na fita na sami Delmar yana goge kyamara. Na ce masa wata mata a kantin kifi ta gaya mini wurin da muke zuwa na baƙi ne. 'Yan gari can ƙarshen tsibiri suke zuwa ta kudu, inda kwalta ta ƙare, a taka yashi har inda ruwan baya ya haɗu da teku. Na ƙara gishiri, na ce in mutum ya yi sa'a, daidai lokacin da rana za ta nutse yakan ga wani koren haske ya yi walƙiya.

Ya ajiye tsumman. "Kore?"

"Kore shar. Amma ta ce ba kowa ke iya kama shi a hoto ba."

Ai shi ke nan. Ya tashi ya je ya gyara takardar firji da biro. Mama kuwa ta kwanta a doguwar kujera, ta ɗora ƙanƙara a gwiwa tana nishi, ta ce mu je kawai, kada mu damu da tsohuwa.

Alhakin ƙaryata ni ya fara kamawa. Kusan rabin awa muka yi muna taka yashi, ni ce ɗauke da ƙafafun kyamara, takalmina ya cika, ƙananan ƙudajen nan masu cizo sun raka mu tun daga mota. Amma da muka isa sai na saki baki ina kallo. Ashe ban yi ƙarya sosai ba. Ba gida, ba waya, ba kowa sai mu da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu. Ruwan ya kwanta lumui, sama ta yi kalar cikin gwanda, ciyayin fadama sun koma baƙi.

Delmar yana ta ɗauka yana magana shi kaɗai. Can sai ga wani ƙaramin jirgi ya ɓullo daga bayan ciyayi, an kashe injinsa, ruwa yana tafiya da shi a hankali. Mutum biyu ne a ciki, ba a ganin fuskokinsu sai inuwa. Suka zo suka tsaya daidai ƙarƙashin rana.

Nan take na gane su. Ba wanda ya tambayi Mista Gaskill inda zai kai ta. Shi kuwa ɗan gari ne, ina zai kai mace in ba wurin da ya fi ko'ina kyau ba?

Delmar ya yi ƙasa da murya. "Corinne, dubi! Dubi tsofaffin nan. Ta ɗora kanta a kafaɗarsa. Kai, wannan ita ce soyayya. Ina jin sun yi shekara hamsin tare."

"Ko kwana huɗu."

"Me kika ce?"

"Na ce ka kula da koren haskenka."

"Rabu da koren haske. Wannan shi ne hoton rayuwata." Ya ɗauka, ya sake ɗauka. "Zan wanke shi babba, in kai wa Mama ta gani. Ta san har yanzu akwai irin wannan a duniya."

Ruwa yana ɗaukar murya fiye da yadda mutane suke zato. Tsohon ya faɗi wani abu, sai matar ta kece da dariya. Dariyar Mama Odessa kuwa ba ta da ta biyu, tana farawa kamar tari ta ƙare kamar ana jan ƙofa mai tsatsa.

Delmar ya sandare. Ya ɗago kai daga kyamara, ya sake mayarwa, ya murɗa madubin har ƙarshe. Ya daɗe a haka.

"Corinne. Wannan ba hular da na saya jiya ba ce?"

"Irinta da yawa a kanti."

Ya taka har ruwa ya kai masa idon sawu, da takalmi da safa, ya haɗa hannu a baki. "Mama! Mama! Ina gwiwar?"

Inuwar ta ɗago kai daga kafaɗar. Sannan muryarta ta biyo ruwa tar.

"Tana nan, ina zaune ai! Ka juya ka kalli ranarka, za ta faɗi ba ka gani ba!"

Ta kuwa faɗi bai gani ba. Ni na gani, kuma babu wani kore.

A mota, da muka kusa gida, Delmar ya fara jero tambayoyi. "Wa ye shi? Me yake yi? Wa ya san danginsa? Jirgin ma ko rigar ceto ban ga sun sa ba."

Muna isa muka tarar sun riga mu. Mista Gaskill yana tsaye a baranda, ya cire hula ya riƙe a ƙirji, ɗaya hannun ɗauke da manyan kifaye biyu da aka riga aka gyara. Ya fi Delmar tsawo da kusan taƙi guda.

Ya ce, "Kai ne Delmar. Kullum ina ganin ƙeyarka a kan gada."

Delmar ya gyara tsayuwa. "Mista Gaskill, ina so in san nufinka game da mahaifiyata."

Mama ta ce, "Ji mini yaro! Ni na yanke maka cibiya, yau kai ne ubana?"

Tsohon bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemunsa yana rawa. Ya ce, "Tambaya ce mai kyau. Nufina in soya mata kifin nan. Abin da ya wuce haka, ita ke da nufi, ni bi nake yi." Sai ya dubi kyamarar da ke wuyan Delmar. "Amma in ka yarda in faɗa maka gaskiya, ɗana, kana wahalar banza a gadar nan. Wanda bai ga fitowar rana daga cikin teku ba, inda babu ƙasa a gabansa ko kaɗan, bai gan ta ba."

Na ga fuskar mijina tana kokawa da kanta. Rabi tana son fushi, rabi tana son jin ƙarin bayani.

"Ƙarfe nawa ake fita?"

"Biyar saura kwata."

Suka fita su uku ran Juma'a. Abin da ya faru Mama ce ta ba ni labari, tana yi tana share hawaye. Suna wuce bakin mashiga, igiyar ruwa ta fara ɗaga jirgin tana saukewa, Delmar ya miƙa mata kyamara, ya rungumi gefen jirgi. Duk fitowar ranar kansa yana ƙasa yana mayar wa teku kifin jiya. Mista Gaskill yana riƙe da bel ɗinsa ta baya kada ya faɗa, yana cewa, "Ɗago ka gani, ɗana, ta fito!" shi kuwa yana cewa a mai da shi gida don girman Allah.

Ya dawo ya kwanta har azahar. Da ya tashi ya ce mutumin kirki ne, yana da ƙarfin hannu.

Ran Asabar muna loda mota na lura jakar Mama ba ta fito ba. Tana zaune a baranda, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ta ce ƙanwar Thurman tana da ɗaki a Surf City, nan cikin tsibirin, babu kowa a ciki, kuma cocinsu na neman mai murya a ƙungiyar mawaƙa.

Delmar ya ce, "Har yaushe?"

"Zan kira ka."

"Magungunanki fa?"

"Suna jakata."

"Mama, me zan ce wa mutane a Kinston?"

"Ka ce musu likita ya ce in zauna kusa da ruwa."

"Wane likita?"

"Delmar, shiga mota."

Ya shiga. Muka hau babbar gadar da ke fita daga tsibirin, yana tuƙi da hannu biyu, yana kallon gaba. Sai da muka sauka ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun Talata."

"Kuma kika bar ni ina yabon soyayyarsu da bakina."

"Ai gaskiya ka faɗa."

Ya yi ƙwafa. Muka wuce gonakin taba, muka wuce wani mai sayar da kankana a gefen titi. Can ya rage gudu, ya juya motar ya koma. Ya ce in sauka in zaɓo babba, mu kai musu, don bai yarda ƙanwar mutumin nan ta san abin da Mama take ci ba, kuma yana so ya ga ɗakin da idonsa.