Awon Jinin Alhaji Hashim

Karo na huɗu ke nan cikin mako biyu da wayar Raihana ta yi mata wannan ƙarar. Tana rumfar mijinta a kasuwar Ochanja ta Anacha, tana auna wa wata mata gero, sai ta ajiye mudun ta duba. Ɗari da casa'in da biyu a sama, ɗari da goma sha ɗaya a ƙasa, an rubuta da ja a ƙarƙashin sunan mahaifinta.

Mahaifin nata, Alhaji Hashim Indabawa, shekararsa arba'in da ɗaya yana sayar da wake da busasshen barkono a kasuwar Ogbete ta Inugu. Wata biyar da suka wuce ya faɗi yana alwala, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Allah ya taƙaita ya tashi, sai dai hannun bai dawo daidai ba, kuma yana ɗan jan ƙafa. Ranar sallama daga asibiti likitar ta gaya wa iyalin gaskiya, cewa faɗuwa ta biyu ita ce abin tsoro, kuma hawan jini ne ƙofar da take shigowa. Ta sa aka sayo na'urar awo mai ɗaurawa a damtse, ta kuma saka musu wata manhaja a waya. Manhajar tana tuna wa Alhaji lokacin shan magani, tana ƙirga takunsa, sannan duk awon da na'urar ta yi yakan shiga wayarsa da kansa, ya wuce wayar Raihana da ta asibiti.

Watannin farko komai kore ne. Daga baya abin ya rikice. Da safe a ga ɗari da talatin, da yamma kuma awo huɗu ko biyar a jere, wannan ƙasa, wancan sama, wani ja wur. Raihana ta san halin mahaifinta, mutum ne da ba ya faɗin ciwo. Ta ƙudurta a ranta cewa wani abu yake ji a jikinsa yana ɓoyewa, shi ya sa yake ta maimaita awon.

Ta kira shi, ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Ta tambayi kai da jiri, ya ce babu. Ta kira mahaifiyarta Ma'u, ita ma ta rantse ba ta sa gishiri da magi a miyarsa, maganin ma a gabanta yake sha, goro kuwa ta hana shi kwana a gidan. Da yammacin nan aka bugo daga asibiti. Likita ta ce a kawo shi ranar Litinin, in haka abin yake za ta ƙara masa magani na uku, wataƙila ma a ba shi gado.

Raihana ba ta jira Litinin ba. Ranar Juma'a ta shiga motar Inugu, ta sauka unguwarsu Asata bayan an sauko daga masallaci. Ta iske shi a tsakar gida yana cin tuwo da hannun dama, yana tsokanar Ma'u cewa miyarta ta koma ruwan wanke tukunya. Ta zuba masa ido tana neman karkacewar baki ko nauyin harshe, ba ta ga ko ɗaya ba. Hankalinta bai kwanta ba duk da haka, don wancan karon ma lafiya lau ya tashi.

Bayan la'asar Alhaji ya ɗauki na'urar ya saka a wata 'yar jaka, ya jefa wayarsa a aljihu, ya dogara sanda ya nufi ƙofar gida. Ma'u ta ce haka yake yi kullum, can yake zama a benci masu dubiya su same shi, ita ba ta fita. Raihana ta ɗauki filonsa ta bi shi, ta tsaya daga cikin soro.

Malam Isah mahauci ne ya fara zuwa. Aka gaisa gaisuwar manya, aka tambayi jiki da iyali da kasuwa. Ana gamawa Alhaji ya zuge jaka, Malam Isah kuwa ya naɗe hannun rigarsa ba tare da an ce masa komai ba. Na'urar ta kumbura ta sace. Wayar da ke hannun Raihana ta motsa: ɗari da goma sha takwas, da sunan Alhaji Hashim. Sai ga Yunus tela, shi ma ya miƙa damtse, wayar ta sake motsawa.

Ta jingina da bango. Dariya da kuka suka zo mata tare, ta toshe baki da mayafi.

Ana haka wani dattijo ya iso yana haki, da hular malafa a kansa. Baba Kure ne, mutumin Kafanchan, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Shekara talatin suna maƙwabtaka da Alhaji kafin ya koma unguwar Obiagu, kuma tun da ciwon nan ya zo yake takowa da ƙafa duk Talata da Juma'a.

"Tsoho mai ran ƙarfe, how body? Har yanzu ba ka koma kasuwa ba, ka bar mu muna cin wake mai ƙwari," in ji shi.

"Zauna dai, ɗan fansho. Kawo hannun mu ga ko yau ma kai ne na ɗaya."

Aka ɗaura masa. Wannan karon wayar Raihana ƙara ta yi, irin wadda ta hana ta sukuni a Anacha. Ɗari da casa'in da huɗu.

Ta fito ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nuna wa mahaifinta fuskar wayar. Cikin ladabi ta bayyana masa cewa na'urar ba ta san hannun kowa ba, duk wanda aka auna da sunansa take rubutawa, kuma har likita tana gani. Alhaji ya karɓi wayar ya duba. Shi a zatonsa na safe kaɗai ke tafiya, wanda Ma'u ke tsaya masa a kai. Raihana ta tambaye shi me ya sa yake auna jama'a.

"To ya zan yi, 'yar nan? Mutum ya bar sana'arsa ya zo duba ni. Goro kun kore shi daga gida, kilishi haka, lemon kwalba haka. Sai ya tashi ban miƙa masa komai ba?"

Malam Isah ya ce gaskiya ne, kuma shi wannan ya fi masa goro.

Ta zauna gefen bencin suka bi lissafin tare, rana bayan rana. Duk awon safe na Alhaji ne, kuma duk kore, bai taɓa wuce ɗari da talatin da biyar ba. Jajayen nan huɗu, da na yau biyar, duk sun faɗo ranar Talata ko Juma'a, wajen ƙarfe biyar. Kowa ya juya ya dubi Baba Kure. Ya yi dariya ya ce ai sun san da wannan, hawan tudun Obiagu ne, da ya huta yake sauka.

Raihana ba ta yi masa gardama ba. Ta kawo masa ruwa, ta roƙe shi ya zauna minti goma ba magana, abin da Alhaji ya ce bai taɓa iyawa ba tun zamanin jirgin gawayi. Da aka sake aunawa, ɗari da tamanin da takwas. Ta tambaye shi ko kansa na ciwo ko idonsa na dishi-dishi, ya ce ƙeyarsa ce dai takan riƙe da safe.

"Baba Kure, haka na Baba ya fara, ba mu sani ba. Kai Allah ya nuna mana da wuri."

Dattijon ya cire malafarsa ya ɗora a gwiwa. Alhaji ya ce masa gobe da safe tare za su tafi asibiti, ba sai Litinin ba, shi ya san hanya.

Raihana ta kira likitar ta gaya mata komai. Likitar ta daɗe tana dariya, sannan ta koya mata yadda za ta buɗe wani shafi daban a manhajar don baƙi, wanda ba ya shiga lissafin Alhaji. Ta ce a kawo su su biyun da safe, in kuma Baba Kure ya ji wani sauyi kafin nan, kada a jira.

Washegari suka tafi su uku a keke napep. Aka rubuta wa Baba Kure magani, aka saka masa manhajar a tasa wayar, aka haɗa da ta 'yarsa Linda da ke aiki a Fatakwal. Alhaji kuwa likita ta auna shi da hannunta har sau biyu, ta goge awon mutum goma sha ɗaya daga takardarsa, ta ce maganinsa ya tsaya yadda yake, babu ƙari, babu gado.

Ganin haka Alhaji ya gyara zama ya tambaya ko zai iya leƙa Ogbete. Likitar ta dubi Raihana. Raihana ta ce kwana biyu a mako, a zaune, ba ɗaga buhu.

"Uku," in ji Alhaji.

Aka tsaya a biyu.